Kujerar Pak Ponijan

Duk mai akwatin talabijin a ƙasar nan ya san fuskar Pak Ponijan, kamar dai a ce Malam Ponijan. Doguwar fuska ce, kumatu sun zubo, ido rabi a rufe kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Masu riguna a kasuwar Tanah Abang sun buga ta a ƙirjin riga, 'yan acaɓa sun manna ta a bayan babur, wanda kuwa aka turo wa labarin da bai ba shi dariya ba, ita yake mayarwa a waya ya huta da rubutu. Amma a lungunmu na Jatinegara, inda yake haya bayan shagon mai gyaran fanka, tsofaffi kaɗai suka rage da za su iya gaya maka cewa mutumin nan da dariya ya fara cin abinci.

Sana'a ce kamar kowace. Wata mata ce da ake kira Mpok Rohaye, wato Yaya Rohaye, gajeriya mai muryar da ke tsallake titi, take tara mutane da safe ta zuba su a mota zuwa gidan talabijin, su cika kujerun 'yan kallo. Shirin sunansa Kafin a Kashe Fitila, shirin hira ne da ake sawa bayan gari ya kwanta, amma da rana tsaka ake ɗaukarsa. Tagar da ke bayan mai gabatarwa, mai nuna fitilun birni da wata, zane ne a jikin katako. Mpok Rohaye takan tsaya gefen kyamara da jarida a naɗe a hannu. In ta ɗaga, a yi dariya. In ta juya ta a sama, a tafa. In an tashi, kowa ya karɓi ambulan ɗinsa da kwalin shinkafa da ƙwai, a koma mota.

Ponijan ya zo birni daga ƙauye yana saurayi, ya yi dako a kasuwa har bayansa ya ce ya isa, sannan wani ya ja shi motar Mpok Rohaye. Rana ɗaya ta gane abin da ta tsinta. Dariyarsa daga hanci take farawa, wani ɗan huci kamar butar shayi ta kusa tafasa, sai ta haura ta fashe, can ƙarshe ta katse da wata 'yar shaƙuwa, ya bi ta da dukan cinya. Ba mai jin ta ya zauna lafiya. Sai Mpok ta riƙa zaunar da shi daidai ƙarƙashin makirufon da ke rataye bisa kan 'yan kallo, don ya ja sauran.

A cikin wannan mota ya haɗu da Warsih, ita ma 'yar kallo, mai bakin da ba ya raga wa kowa. Har suka tsufa ba ta fasa faɗar wannan magana a bakin famfo ba, ko yana wurin ko ba ya nan.

"Ni fa ba fuskar na aura ba. Wa zai auri wannan? Dariyar na saya, fuskar gyara aka yi mini."

Shi kuma sai ya kama huci ta hanci, mata su ce ga ta nan ta taso, kowa ta ajiye bokitinta.

Abin da ya canza masa rayuwa ba wani babban abu ba ne, haƙori ne. Wani turmi na can ciki ya ruɓe, ya hana shi barci, amma ya bi mota don kada a ba wani kujerarsa. Aka fara ɗauka. Om Bertus, wato Kawu Bertus, mai gabatar da shirin, ya saki labarinsa na farko, jarida ta tashi, ɗaki ya ɗauka, sai mutum guda a tsakiyar layi na uku zaune ƙiƙam yana kallon gabansa. Om Bertus tsohon hannu ne, idonsa ba ya wuce irin wannan. Ya sauko daga dandamali da makirufo.

"Pak, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Om."

"To me ya hana ka dariya?"

Ponijan ba ya iya buɗe baki sosai, kuma zafi ya hana shi neman ƙarya mai kyau. Ya ce, "Ban ji abin dariya ba."

Ranar nan ɗakin ya fashe ba tare da jarida ba, har mai ganga ya kifa kansa a kan gangarsa. Mpok Rohaye ta riga ta shirya zagin da za ta yi masa a mota, sai ga saƙo wai shugabar shirin na nemansa a sama.

Haka aka kawo jar kujera aka ajiye gefen teburin Om Bertus. Kowane mako, duk baƙon da ya zo, mawaƙi ne ko ɗan dambe ko 'yar wasan da ake yayi, sai an ba shi ɗan lokaci ya gwada sa Pak Ponijan dariya. An yi masa rawa, an sa masa hular mata, an kawo masa biri sanye da kwat, wata jaruma ta durƙusa ta ce ya aure ta. Idan baƙo ya gaji, Om Bertus ya sunkuyo ya tambaya a hankali, "Pak, ko yau?" Ponijan ya girgiza kai sannu. Ganga ta buga, ƙasa ta kwashe da dariya. Cikin 'yan watanni ba gidan da ba a faɗin wannan kalma. Mace ta ajiye wa miji abinci ta ce, "Pak, ko yau?" Malami ya miƙa wa ɗalibi sakamakon jarrabawa ya faɗa.

Sharaɗi ɗaya shugabar ta gindaya masa, kuma ba ta ɓoye ba.

"Pak, kowa yanzu da waya a hannu. Dariyarka ɗaya ta shiga wayar wani, kujera ta tafi. Ba a nan kaɗai ba, ko'ina. Ka gane?"

Ya ce ya gane. A lokacin gani yake abu ne mai sauƙi, ai haƙorin ma yana taimakonsa.

Aka cire haƙorin, ya bar gurbi. Ponijan ya gano cewa in ya tura harshe cikin gurbin ya danna da ƙarfi, dariyar da ta taso takan tsaya a hanci ta koma. Da wannan ya rayu, domin mutanen garin nan ba su da aikin da ya wuce farautarsa. A jirgin ƙasa wani zai faɗi a gabansa da gangan, abokinsa na gefe da waya. A wurin mai miyar ƙwallon nama, mai miyar ya yi masa kukan akuya yana zuba romo. Hatta a harabar masallaci bayan Juma'a ba a ƙyale shi ba, manya da gemu, abin kunya. A gida ma yaran lungu sukan laɓe jikin taga, sun san matarsa Bu Warsih ba ta minti biyar ba ta saki magana ba. Sai ya fara danna harshe a gida. Ranar auren 'yarsu guda, Lastri, ya tsaya gefen amarya cikin rigar batik sabuwa, baƙi ɗari da wayoyi ɗari suna jiran ya kuskure, bai kuskure ba. Hoton na nan a bango, kowa na washe baki, shi kamar an kira shi shaida a kotu.

Kuɗi sun shigo, ba laifi. An gyara rufin da ke yoyo, an sayi firiji, Warsih ta daina bin motar Mpok Rohaye. Ba wanda ya lura da ranar da ya daina bukatar harshen. Shi kansa bai lura ba. Wata rana dai yana kan jar kujera, wani ƙaton ɗan wasa na birgima a ƙasa gabansa, ya ga ashe harshensa na kwance a inda yake, ba abin da ya taso balle a danne. Bai ji daɗi ba, bai ji tsoro ba. Ya lura ne kawai, yadda mutum ke lura an canza fentin shagon da yake wucewa kullum. Daga nan abubuwa suka bi sahu. Abinci ya zama abin cika ciki. Lastri ta bugo waya daga Batam ta ce ta haihu, ya ce alhamdulillahi, ya miƙa wa uwarta wayar, ya koma ya ci gaba da goge takalminsa.

Shekaru suka tafi a haka. Ciwon sukari ya kama Warsih, ya fara da ƙafa, ya haura ya cinye mata ido har ba ta ganin komai sai haske da duhu, daga baya zuciya ma ta shiga layi. Bakin dai bai mutu ba. Kuma akwai abu guda da ba ta yarda ya wuce ta: maimaicin shirin da ake sawa da hantsi washegari. Za ta lallaɓa bango ta zauna a tabarma dab da akwatin, ta karkata kunne. Ponijan ya daɗe yana ganin wannan bai ce komai ba, don ya daina tambayar abubuwa. Ranar da ya tambaya ma, don ta hana shi kashe akwatin ne yana son ya kwanta. Dik yake ce mata, wato ƙanwa, ita kuma ta ce masa Mas, wato yaya.

"Dik, me kike kallo? Ko fuskar tawa ba kya gani."

"Allah ya raba ni da ita, ka ce in nema? Zauna, Mas. Yi shiru."

Ya zauna. A akwatin Om Bertus ya sunkuya, ya yi tambayarsa, ganga ta buga, dariya ta cika ɗakin. Warsih ta damƙe masa gwiwa.

"Ga ka nan! Ka ji? Can ƙasa, bayan matar nan mai ƙara. Jira shaƙuwar. Yauwa."

Sai da ta yi masa bayani. Dariyar 'yan kallo ba ta isar masu shirin, sukan ƙara da tsohuwar da suka naɗa tun shekarun baya, su shimfiɗa ta a ƙasa. Wanda ke zaune ƙarƙashin makirufo a waɗancan shekarun kuwa an san shi. Wato duk tsawon lokacin nan, duk sanda Pak Ponijan ya girgiza kai a jar kujera, Ponijan na da ne ke yi masa dariya, ƙasa na tayawa. Warsih ta gane tun makon farko, ta riƙe abinta.

Ya kasa kunne. Ya ji wani mutum yana huci, ya fashe, ya shaƙe. Bai san shi ba. Ya ce, "To," ya je ya kwanta.

Da damina ta tsaya, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, likita ya daina canza magani ya koma cewa a riƙa ba ta abin da take so. Wata safiya Ponijan na shan shayi a bakin ƙofa ya ji ta kira shi, ba da muryar tsokana ba.

"Mas, sun cire ka."

Aka jira mako na gaba, ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Dariyar da ke cikin akwatin yanzu sumul take, kowa ya fara tare ya gama tare, ba mai huci, ba mai shaƙuwa.

A duk shekarunsa a gidan talabijin bai taɓa hawa ɗakin masu sauti ba, ranar ya hau. Mas Yudo, mai kula da wurin, ya miƙe da sauri ya ba shi kujera, yana murna tauraro ya ziyarce shi.

"Waccan tsohuwar? Ai ta gaji, Pak. Duk shuu take yi, ga wani bawan Allah a ciki yana shaƙewa kamar zai mutu, kullum sai na rage shi. Mun sayi sabuwa mai tsabta."

"Wanda ke shaƙewar fa, yana ina yanzu?"

"An share da aka canza na'ura. Amma in tsohon shiri kake so, ai suna nan birjik, kawo wayarka."

Mas Yudo mutumin kirki ne, bai san da wa yake magana ba, Ponijan kuma bai gaya masa ba. Ya dawo gida da tsohon shiri a waya, ya kanga mata a kunne. Ta saurara har shaƙuwar ta wuce, sannan ta ture hannunsa.

"Ɗauke. Da ana sa ta kowane mako, ina ce wa kaina tana nan, aro suka yi, za su dawo da ita. Wannan kuwa hoton mamaci ka kawo mini." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ga ka zaune, Mas. Ni mai rai nake so. Sau ɗaya, kafin in tafi. Ba na son komai bayan wannan."

Bai taɓa jin ta roƙi abu ba, ita da ke karɓa da baki. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ja labulen taga, ya leƙa ya tabbatar ba yaro a jikin bango, don ko a wannan hali jikinsa bai manta sharaɗi ba. Da ya juyo ya tarar ta laluba ta samo jaridar da aka ƙunso tempe, wainar waken soya, a ciki, tana naɗe ta a kan cinya. Ta gyara zama, ta ɗaure fuska irin ta Mpok Rohaye.

"Layi na uku, a shirya. Kai mai dogon kai, ban da barci."

Ta ɗaga jaridar.

Ponijan ya buɗe baki. Iska ta fito. Ya sake jan numfashi ya tura ta hanci, yadda yake jin ana farawa, sai tari ya zo. Ya ce ha, ha, ha, kowace a ware, kamar mai kiran awaki. Jaridar na sama tana jira, har hannun ya gaji ya sauko.

"Kai, Mas," in ji ta. "Da Mpok Rohaye ce, a kan gada za ta sauke ka, ko kwalin shinkafa ba za ka gani ba. Ba haka ba ne. Saurara."

Sai ta yi masa. Ta fara da hucin, ta haura da shi, ta fashe, ta katse da shaƙuwar a daidai inda take, har da dukan cinya. Ba abin da ta bari. Shekara da shekaru tana ajiye da ita, ta fi na'urar Mas Yudo riƙo. Dariyar ta ƙare cikin tari mai tsawo, ya riƙe ta yana shafa mata baya har ya lafa, ya ba ta ruwa.

"Gobe," ya ce. "Zan gwada gobe."

"To, gobe."

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Yakan tsaya kan gadar da ke bisa layin dogo, in jirgi ya zo wucewa da ƙararsa ya buɗe baki ya tura. Ya gwada a banɗakin gidan talabijin da famfo a buɗe. Ya tuna duk abin da ya taɓa ba shi dariya a duniya, ranar da akuya ta shiga motar Mpok Rohaye, ranar da Warsih ta kori mai karɓar haya da ludayi. Yana tuna su sarai, har launin rigar da ta sa, amma kamar labarin wasu mutane ne aka ba shi. Ya so ya ji tsoro ma, ko tsoron zai motsa wani abu, shi ma bai zo ba.

Ba ta sake tambaya ba. Jaridar dai na gefen filonta a naɗe. Wani lokaci in ta ji motsinsa takan ɗauka ta riƙe, ya tsaya, sai ta warware ta ta yi fifita da ita. Hantsi kuma ya daina zama lokacin komai, akwatin na rufe da ƙyalle.

Ta rasu wata Talata bayan la'asar, Lastri na hanya ba ta iso ba. Ponijan ya yi duk abin da ake yi. Ya kira liman, ya karɓi gaisuwa, ya shiga kabari ya karɓe ta. Maƙwabta suka yi ta yaba haƙurinsa, wai ko gezau. A bakin maƙabarta wani matashi da ba ɗan lungu ba ya matso da waya a ɓoye cikin tafin hannu, ya raɗa masa, "Pak, ko yau?" Mai gyaran fanka ne ya kifa masa mari, kuma har gobe ba wanda ya ce ya yi laifi. Ponijan ya dubi yaron, ya dubi mai fanka, ya wuce.

Bayan addu'ar bakwai ya koma aiki, don bai san inda zai zauna da rana ba in ba can ba. Shugabar ta ce ya ƙara hutawa, ya ce ya huta. Aka shafa masa hoda, aka zaunar da shi a jar kujera, wata na katako na haskawa a bayansa. Baƙon ranar wani mawaƙi ne da ya zo da kayan kaza, yana ta fuka-fuki yana zagaya shi. Ponijan na kallon bayan kyamara, inda Mpok Rohaye take tsaye. Ta tsufa ita ma, ta ranƙwafa, jikarta ke riƙe mata jaka.

Mawaƙin ya yi cara. Mpok ta ɗaga jarida, sai jaridar ta suɓuce mata ta warware, ta sauka a kan mai kyamara ta rufe masa fuska. Mutumin ya ci gaba da ɗauka a haka, yana hura takarda da baki, tsohuwa na tsalle tana son ta cafko abinta ba ta kai ba. Ba wanda ya gani sai Ponijan, kowa na kallon kaza.

Nan ya ji ta. Can ƙasan ciki ta motsa, ta hau ƙirji, ta iso hanci da ɗumin nan da ya manta, hucin har ya fara. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya juya ya ce, Dik, ga ta. Kafin ya gama wannan tunani harshensa ya riga ya shiga gurbin haƙori ya danna. Bai sa shi ba. Ta tsaya a inda take tsayawa, ta koma.

Mawaƙin ya zube a ƙasa ya ce ya sallama. Om Bertus ya sunkuyo, ya rage murya yadda ya saba.

"Pak, ko yau?"

Pak Ponijan ya girgiza kai sannu. Ganga ta buga, ɗaki ya ɗauka. Da aka tashi, shugabar ta tare shi a bakin ƙofa ta ce bai taɓa yin kyau irin na yau ba. Ya ce ya gode, ya karɓi kwalin shinkafarsa, ya fita rana.